Dabarar Ninka Kuɗi a Cacar Rulet: Lissafin da Ke Kai Matasa Gaban Likita

Kwanakin baya wani matashi da bai wuce shekara 25 ba ya zo wurina a asibiti yana kukan rashin barci, faɗuwar gaba da zafin ciki. Ya riga ya sha maganin olsa kala uku daga kemis, an yi masa gwajin taifod da na maleriya, ba a ga komai ba. Na auna jininsa na tarar ya ɗan hau, abin da bai dace da shekarunsa ba. Sai da na tambaye shi me yake yi da dare idan barci ya ƙi zuwa, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, kuɗin mutane ne a hannuna, kuma sun tafi."

Shagon POS yake tsare wa wani. Ya ga bidiyo a waya inda wani ke koyar da hanyar da ya ce ba a taɓa faɗuwa da ita a cacar rulet: duk lokacin da aka cinye ka, ka ninka kuɗin da ka zuba, ranar da ka ci za ka maido da komai har da riba. Maganar da ya ƙara min ita ce ta sa na zauna rubuta wannan sharhi. Cewa ya yi, "Wallahi Likita, dabarar tana aiki. Sati biyu kullum ina ci. Dare ɗaya ne kawai ya ɓaci."

Gaskiya ya faɗa. Haka dabarar take: ci kaɗan-kaɗan na kwanaki, sannan dare ɗaya ya kwashe duka. Idan kai ma ka ga irin wannan bidiyo, ko ɗanka, ko ƙaninka, ko mijinki, to ka daure ka bi ni cikin lissafin nan. Ba shi da wuya, kuma wanda ya fahimce shi sau ɗaya ba za a sake sayar masa da wannan dabara ba.

Yadda caca ta shigo aljihu

A shekarar 2024 Hukumar Hisbah ta Jihar Kano ta kai samame ta rufe shagunan caca da dama a cikin birni. A watan Nuwamban wannan shekarar kuma Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke hukunci cewa Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, ikon tsara harkar caca na gwamnatocin jihohi ne, dokar tarayya ta tsaya a Abuja kawai. Wannan ya ba kowace jiha damar hanawa ko kayyadewa yadda ta ga dama.

Sai dai shagon da ake iya garƙame wa kwaɗo shi ne ƙaramin ɓangaren matsalar. Babban gidan caca yanzu yana cikin wayar salula. Manhajojin da matasa suka fara saukewa domin cacar ƙwallon ƙafa, yawancinsu suna da sashen wasannin gidan caca a ciki: rulet, karta, wasan jirgi da sauransu. Wasan ƙwallo sai an jira minti 90 kafin a san sakamako. Rulet a waya kuwa, cikin ƙasa da minti ɗaya an gama zagaye, an buɗe wani. Ba dare ba rana, ba mai ganinka, kuma kuɗi na fita daga asusun banki da danna yatsa. A irin wannan yanayi ne dabarar ninkawa ta samu kasuwa a TikTok, Telegram da WhatsApp, har wasu na karɓar kuɗi kafin su koyar da ita.

Mece ce rulet?

Rulet faifai ne mai juyawa da aka raba gida-gida, ana jefa 'yar ƙaramar ƙwallo a kansa, inda ta tsaya nan ne sakamako. Asalinta daga Faransa ne, tun ƙarni na 18. Faifan Turai yana da gida 37: lambobi 1 zuwa 36, rabinsu ja rabinsu baƙi, sai gida ɗaya kore mai lamba 0. Faifan Amurka yana da gida 38, domin an ƙara masa wani koren mai lamba 00.

Idan ka zuba naira 1,000 a kan ja, ƙwallo ta faɗa ja, za a ba ka 1,000 a kan kuɗinka. Idan ta faɗa baƙi, an cinye. Mutum zai ɗauka rabi da rabi ne, kamar jefa kwabo. Amma ka tuna da koren gidan nan. Idan ƙwallo ta faɗa 0, mai ja da mai baƙi duk sun faɗi. Ke nan gidajen da za ka ci 18 ne, waɗanda za a cinye ka 19. Damar cinka 48.6 cikin 100 ce, ta faɗuwarka 51.4.

Wannan ɗan bambanci shi ne abincin gidan caca. A faifan Turai, cikin kowace naira 100 da aka zuba, idan aka daɗe ana yi, gidan yana riƙe naira 2.70. A faifan Amurka yana riƙe naira 5.26. Babu buƙatar maguɗi ko taɓa na'ura, ribar tana cikin ginin faifan tun daga masana'anta.

Dabarar da kuma abin da ke sa ta shiga rai

Turawa suna kiran dabarar nan matingel, kuma 'yan cacar Faransa sun san ta tun ƙarni na 18. Wanda ya ce maka sabon sirri ne ya gano, tsohon tuwo ya ɗumama maka.

Ga yadda take. Ka zuba 1,000 a kan ja. Aka cinye, ka zuba 2,000. Aka cinye, ka zuba 4,000. Aka sake cinyewa, ka zuba 8,000. A nan idan ka ci, an ba ka 8,000, ka cire 7,000 da ka yi asara a baya, saura ribar 1,000. Sai ka koma farko. Ko a mataki na nawa ka ci, ribar ba ta wuce 1,000 ɗin da ka fara da ita.

Hujjar masu tallar ita ce, ai dole wata rana ja ta fito. Haka ne, za ta fito. Tambayar ita ce ko za ta tarar da kai da sauran kuɗi a hannu. Dabarar za ta yi aiki ne kawai ga mutumin da ke da dukiya marar iyaka, a teburin da ba a kayyade abin da za a zuba ba, kuma yana da lokaci marar ƙarewa. Babu ɗan Adam ɗin da ya haɗa ko ɗaya daga cikin ukun nan.

Mu yi lissafi da albashin wata

Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne. A ce mutum ya ɗauki albashinsa kacokan ya fara da 1,000. Zubinsa zai tafi haka: 1,000, sai 2,000, sai 4,000, sai 8,000, sai 16,000, sai 32,000. Idan aka cinye shi sau 6 a jere, 63,000 sun tafi. Zubi na 7 yana buƙatar 64,000, shi kuma saura 7,000 a hannunsa. Dabara ta mutu a nan.

Za ka ce faɗuwa sau 6 a jere abu ne mai wuya. A faifan Turai yana faruwa kusan sau 1 cikin kowane zagaye 55 na dabarar. Ma'ana, a matsakaici, mutum zai ci 1,000 sau 54, ya tara 54,000, sannan sau ɗaya ya zubar da 63,000. Asara ta fi riba da kusan 9,000. Kuma ba sai an kai zagaye na 55 ba, tana iya zuwa a na 3 ko na 10. Wanda ya yi zagaye 38 kacal, damar ya gamu da wannan faɗuwa ta haura rabi. Zagaye 38 bai wuce juyin faifai 80 ba, abin da mai waya ke gamawa tsakanin isha'i da tsakar dare.

To idan aka rage zubin farko fa, aka ƙara jari? A ce mutum yana da naira 102,300, ya fara da 100. Zai iya jure faɗuwa har sau 10, zubinsa na ƙarshe 51,200 ne. Faɗuwa sau 10 a jere tana zuwa kusan sau 1 cikin 784. Zai ci naira 100 sau 783, ya tara 78,300, sannan ya rasa 102,300 a zama ɗaya. Asarar 24,000 ke nan. Ka lura da abin da ke faruwa a mataki na 10: mutum ya ɗora 51,200 a tebur, bayan 51,100 da suka riga suka tafi, duk domin ya samu naira 100, kuɗin da ba za su kai shi ko'ina a Keke Napep ba.

Akwai wani lissafi da ya fi wannan ban mamaki. A ce burin mutumin nan shi ne ya ninka 102,300 ɗinsa. Da dabarar, sai ya ci sau 1,023 ba tare da faɗuwa 10 a jere ta same shi ba, kuma damar hakan kusan 27 cikin 100 ce. Da ya rufe ido ya zuba kuɗin gaba ɗaya a kan ja sau ɗaya, damarsa 48.6 ce. Ban ce ka yi haka ba, domin shi ma faɗuwa ta fi yawa a cikinsa. Abin da nake nuna maka shi ne, dabarar da aka sayar maka da sunan kariya ta fi zubin ganganci muni. Dalili kuwa, duk nairar da ta ratsa ta kan tebur ana yankar mata 2.7 cikin 100, ita kuma ninkawa tana sa ka ratsa da kuɗi masu yawa sau da yawa. Tara zubi dubu waɗanda kowannensu asara ce ba ya haifar da riba, ko ta wane tsari aka jera su.

Katanga ta biyu: iyakar tebur

Ko da kai attajiri ne, kowane teburin rulet, na gini ko na waya, yana da mafi ƙarancin zubi da mafi yawa. A ce tebur ya yarda daga naira 100 zuwa 50,000. Zubinka na 9 shi ne 25,600. Na 10 zai zama 51,200, ya haura iyaka, ba za a karɓa ba. Ga kuɗi a hannunka, amma hanyar maido da asarar ta toshe. Shi ya sa gidajen caca ba sa korar mai ninkawa. Da dabarar tana cutar da su, da tuni sun hana ta, da kuma masu bidiyo ba su tsaya karɓar dubu biyu-biyu a hannun matasa ba.

Faifai ba ya tuna jiya

Wani kuskure da ke tafiya tare da ninkawa shi ne tunanin cewa idan baƙi ya fito sau 5, to ja ta kusa. Ƙwallo ba ta da ƙwaƙwalwa, faifai ba shi da littafin ajiye bashi. Bayan baƙi ya fito sau 5, damar ja tana nan 18 cikin 37, kamar yadda take tun farko.

A ranar 18 ga Agustan 1913, a shahararren gidan caca na Monte Karlo da ke Monako, ƙwallo ta faɗa baƙi sau 26 a jere. Mutane suka yi ta tururuwa suna zuba kuɗi a kan ja, kowa na cewa yanzu kam dole ta juya. Sun yi asarar miliyoyi a daren. Har yau masana halayyar ɗan Adam suna kiran wannan ruɗi da sunan Monte Karlo. Wanda ya fara ninkawa da naira 100 a kan ja a irin wannan dare, kafin ja ta fito ya zubar da sama da naira biliyan 6.7, kuma yana buƙatar wasu biliyan 6.7 ɗin domin zubi na 27. Ribarsa idan ya ci: naira 100.

Allon da manhaja ke nuna maka na lambobin da suka fito a baya, da jerin "lambobi masu zafi", ba don taimakonka aka sa shi ba. Yana ciyar da wannan ruɗin ne.

Haka abin yake a wasan jirgi da ƙwallo

Wasu za su ce su ba sa rulet. To dabarar ta bi su har can. A wasan Aviator, inda jirgi ke tashi kuɗi na ninkuwa har ya ɓace, ana koya wa matasa su riƙa cirewa a ninki 2, idan sun faɗi su ninka zubi. Kamfanin da ya ƙera wasan da kansa ya bayyana cewa 97 cikin 100 na kuɗin da aka zuba ne ke komawa ga 'yan wasa. Wannan na nufin damar jirgin ya kai ninki 2 kusan 48.5 cikin 100 ce. Rulet ce aka sauya wa riga.

A cacar ƙwallo lamarin ya fi lalacewa. Idan ɓangarori biyu sun yi kunnen doki a ƙarfi, kamfani ba ya ba da 2.00, sai ya ba da kamar 1.90 ga kowanne. Ka faɗi 1,000, da 2,000, da 4,000, da 8,000, jimla 15,000. Ka zuba 16,000 ka ci, ribar 14,400 ce. Ka ci, amma har yanzu ana binka 600. A nan ko alƙawarin maido da uwar kuɗi ma dabarar ba ta cikawa.

Abin da ya shafi likita a ciki

Tun 2013 littafin DSM-5, wanda likitocin ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen tantance cututtuka, ya sanya jarabar caca a rukuni ɗaya da jarabar giya da miyagun ƙwayoyi. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022, shi ma haka ya yi. Hukumar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 1.2 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna fama da wannan cuta.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarin dofamin, wanda ke ingiza mutum ya nemi abin da yake sa ran zai ji daɗinsa. Bincike ya nuna yana fita sosai a lokacin da sakamako ke cikin shakku, wato lokacin da ƙwallo ke zagaye ba ta tsaya ba. Tun tsakiyar ƙarni na 20 masani B. F. Skinner ya nuna a kan tattabaru da ɓeraye cewa ladan da ke zuwa ba bisa tsari ba, yau a samu gobe a rasa, shi ne ya fi wuyar bari. Wata shaidar kuma daga asibiti take: wasu masu cutar karkarwa ta Parkinson da ake ba magungunan da ke kwaikwayon dofamin, irin su pramipexole da ropinirole, sukan faɗa caca ba ji ba gani alhali ba su taɓa yi ba, idan aka rage maganin kuma sai abin ya lafa.

Sannan akwai zafin asara. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna cewa ɗan Adam yana jin zafin rasa abu kusan ninki biyu na daɗin samun kwatankwacinsa, kuma wanda ke cikin asara ya fi saurin yin kasada domin ya fita daga cikinta. Wannan shi ke haifar da abin da muke kira bin sawun asara: komawa a zuba domin a maido da abin da ya tafi. Yana daga cikin manyan alamomin da muke dubawa kafin mu ce mutum ya kamu.

A nan haɗarin ninkawa yake. Ta ɗauki alamar cuta ta mayar da ita ƙa'ida. Mai cacar da ba shi da tsari, idan aka cinye shi yana iya jin tsoro ya tashi. Mai ninkawa an riga an gaya masa cewa tashi shi ne kuskure, wajibi ne ya ƙara. Ga kuma kwanakin farko na ci a kai a kai, waɗanda ke gina masa yaƙinin cewa shi ya gane abin da wasu ba su gane ba. Ranar da faɗuwar ta zo, ba zai zargi dabarar ba, zai ce jarinsa ne ya yi kaɗan. Daga nan sai manhajar ba da bashi, sai kuɗin shago, sai adashin uwar gida, sai sayar da babur.

Ilimi ba ya kare mutum daga wannan. Fitaccen marubucin Rasha Fyodor Dostoevsky ya shafe shekaru yana asara a teburan rulet na Jamus, yana da yaƙinin cewa yana da tsarin da zai ci da shi, har kayan matarsa ya jinginar. Littafinsa kan ɗan caca ma a 1866 ya rubuta shi cikin ƙasa da wata guda saboda bashi ya sha masa kai.

Jiki kuma yana biyan nasa kason: rashin barci, bugun zuciya, ciwon kai, zafin ciki, hawan jini, ciwon damuwa, da shan ƙwayoyi domin a samu a runtsa. Mafi tsanani shi ne tunanin kashe kai. Wani bincike da aka yi a Suwidin ya gano cewa masu jarabar caca sun ninka sauran jama'a kusan sau 15 wajen mutuwa ta hanyar kashe kai. Saboda haka idan mai caca ya ce maka ya gaji da rayuwa, kada ka ɗauka magana ce kawai.

Alamomin da za ka duba

Ka auna kanka, ko wanda kake tunani a kai, da waɗannan abubuwa a cikin wata 12 da suka wuce:

1. Sai ya ƙara yawan kuɗin zubi kafin ya ji abin da yake ji a da.
2. Yana shiga ƙunci da saurin fushi idan ya yi ƙoƙarin ragewa.
3. Ya sha yin niyyar bari, ya kasa.
4. Tunanin caca ya cika masa rai, ko yana wurin aiki ko yana cikin iyali.
5. Yana komawa caca idan ransa ya ɓaci ko damuwa ta taso.
6. Idan aka cinye shi, yana komawa domin ya rama.
7. Yana ƙarya domin ɓoye yawan abin da yake zubawa.
8. Caca ta taɓa masa aure, aiki, karatu ko zumunci.
9. Ya dogara da wasu su fitar da shi daga ramin bashin caca.

Wanda ya haɗa 4 daga cikin 9 ɗin nan yana buƙatar ganin likita. Wanda ke da ɗaya ko biyu ma kada ya jira su cika.

Ina aka dosa?

Addini ya riga ya yi magana, an haramta caca a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, kuma babu matashin da ya zo gabana da bai san haka ba. Sanin ma yana daga cikin abin da ke hana shi faɗa wa kowa, domin kunya. Shi ya sa yake zuwa asibiti da sunan olsa. Wa'azi da rufe shaguna suna da amfaninsu wajen hana sabbin shiga, amma wanda ya riga ya kamu yana buƙatar magani a kan nasiha.

Tunda Kotun Ƙoli ta miƙa wa jihohi wuƙa da nama, akwai darasi a abin da wasu ƙasashe suka yi. A Birtaniya akwai na'urorin caca a shaguna waɗanda mafi yawan abin da ake bugawa a kansu rulet ce, a da mutum kan iya zuba fam 100 cikin kowace daƙiƙa 20. A watan Afrilun 2019 gwamnati ta rage iyakar zuwa fam 2. A 2020 kuma ta hana yin caca da katin bashi na banki. Sun gane cewa saurin wasa da girman zubi da sauƙin samun bashi su ne ke kashe mutane. Su ne kuma ƙafafu ukun da dabarar ninkawa ke tsaye a kai. Jihohinmu, ko da sun hana caca gaba ɗaya, sai sun duba talla a kafafen sada zumunta, da manhajojin bashi masu ba da kuɗi cikin minti biyar da tsakar dare, da kuma samar da wurin da wanda ya kamu zai je ba tare da tsoron kamu ko tozarci ba. Mu ma ma'aikatan lafiya akwai gyara a wurinmu: muna tambayar marar lafiya sigari da ƙwaya, ba kasafai muke tambayar caca ba.

Idan kai ne a ciki

Abu na farko, ka yafe abin da ya tafi. Wannan shi ne mafi ɗaci, kuma shi ne mabuɗin sauran. Kuɗin nan ba za su dawo ta ƙofar da suka fita ba. Garin neman gira ake rasa ido.

Ka faɗa wa mutum ɗaya da ka amince da shi gaskiyar adadin bashin, ba rabi ba. Ka rufe asusunka na caca, ka nemi kamfanin ya toshe ka idan manhajar tana da wannan zaɓi, ka goge ta, ka fita daga zaurukan masu ba da "tabbataccen wasa". Ka miƙa katin ATM da kula da albashinka ga matarka, mahaifinka ko yayanka na wasu watanni. Ka rubuta basussukan a takarda, ka je wurin masu su a tsara biya a hankali. Kada ka ci sabon bashi domin biyan tsoho.

Sannan ka ga likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Zuwa wurinsu ba ya nufin hauka. Maganin da ya fi tasiri shi ne zaman tattaunawa da ake kira CBT, inda ake warware irin tunanin "ja ta kusa" da "sau ɗaya kawai in rama", a koya maka yadda za ka yi idan sha'awar ta taso. Wasu kan amfana da maganin naltrexone, amma sai likita ya duba ya rubuta. Idan akwai ciwon damuwa ko shan ƙwaya, tare ake maganinsu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta Jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da wannan sashe. Idan tunanin kashe kai ya zo maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai, ka faɗa wa wani a kai ka asibiti mafi kusa a ranar.

Idan ɗanka ne ko mijinki

Zagi da gori suna ƙara tura shi cikin ɓoyo. Biyan bashinsa a asirce kuma, ba tare da wani sharaɗi ba, yana ba shi sabon jari ne. A zauna da shi, a raba kuɗin cefane da na makaranta daga hannunsa, a raka shi asibiti. Idan ya koma bayan ya bari, ba a fidda rai, haka jinyar kowace jaraba take, a kan faɗi a tashi.

Matashin da na ba ka labarinsa ya dawo bayan sati uku tare da yayansa. Sun je sun sami mai shagon, an yanke abin da zai riƙa biya duk wata. Bashin na nan da saura mai yawa, amma ya ce yana samun barci. Kafin ya fita ya tambaye ni, da a ce jarinsa ya kai miliyan ɗaya, da dabarar ta yi aiki? Na ɗauki biro na rubuta masa jerin lambobin a bayan takardar magani, daga 1,000 muna ninkawa. A layi na 10 miliyan ɗin ta ƙare.

Allah Ya kare mu da zuri'armu, Ya ba masu fama da wannan jaraba lafiya.